Sunan Noelene a Allon Kulob

Glenys Roach ta yi shekara talatin da huɗu a wata masana'anta a Lithgow tana duba noti da kusoshi kafin a zuba su a kwali. Ta ɗauka, ta juya, in da aibi ta jefa a kwandon hagu. Dangi suna cewa ranar da ta yi ritaya ta mayar musu da rigar aiki, amma idon ta taho da shi gida. In ka kai mata kek, inda ya ƙone za ta fara gani. An taɓa miƙa mata jariri ɗan kwana shida, ta dube shi ta ce kunnensa ɗaya ya fi ɗaya.

Ita ce babba a gidansu, ƙannenta maza uku. Ba ta taɓa aure ba. A 1986 wata direbar motar makaranta mai suna Noelene Tarrant ta shigo gidanta da akwati biyu da tukunyar fure, ba ta kuma fita ba sai bayan shekara talatin da uku, ranar da masu ɗaukar gawa suka zo. Duk tsawon shekarun nan "mai haya" dangi suke ce mata, alhali kowa ya san ɗakin bayan da ake cewa nata ne, keken ɗinki ne da kwalaye a ciki, ko gado babu. Glenys ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Da doka ta ba irinsu damar aure, Noelene ta riga ta kwanta ciwo, ta ce ita ba ta da ƙarfin tsayuwa a hoto.

'Yan'uwan Noelene suka kai ta Mudgee suka binne kusa da iyayenta. A jikin dutsen kabari suka rubuta cewa 'ya ce ta gari, 'yar'uwa abar ƙauna. A coci an zaunar da Glenys a layi na huɗu. Sanarwar jarida ta lissafa har jikokin 'yan'uwa, ta ƙare da "da sauran abokan arziki". Takardar gida kuwa sunan Glenys kaɗai ke ciki.

Wuri ɗaya ne a duniya aka rubuta sunayensu tare. A kulob ɗin gara ƙwallo na ƙasan gari, sama da teburin da ke kusa da taga, akwai allon katako na gwanayen mata masu wasa bibbiyu, an rubuta shi da hannu, da zinare. Wadda ke fara gara ƙwallo ake fara rubutawa, saboda haka Noelene na hagu, Glenys na dama. Sau huɗu suka ci: 1989, 1991, 1992, 1997. Kowace Juma'a Glenys na zama a ƙarƙashinsa da kofin lemu da giya a gauraye, ta jira a ja ƙuri'ar da mai sa'a ke cin tiren nama, ta yi ƙorafin cewa Merv sakatare ba ya girgiza bokitin yadda ya kamata, ta tafi gida.

Tamsin 'yar ƙaramin ƙaninta ce, shekararta ashirin da bakwai. A Sydney take, tare da budurwarta Keeley. Da safe suna aiki a shagon kofi, sauran lokacin kuma suna yin gajerun finafinan barkwanci a kan mata masu neman mata 'yan'uwansu ta manhajar waya. Tamsin ke rubutawa, Keeley ke riƙe kyamara. Akwai wanda wata ta zo haɗuwar farko da kyanwarta a jaka, ta ce sai kyanwar ta amince. Akwai wanda mata biyu suka rabu cikin ladabi har suka manta sun rabu. Mutane na kallo, suna tura wa juna.

An taɓa nuna wa Glenys ɗaya a waya ranar Kirsimeti. Ta kalla har ƙarshe, fuska a ɗaure.

"Minti nawa kenan?"

"Shida, Goggo."

"Minti shida. An haɗu, an yi kuka, an rabu. Ko dankali bai dahu ba."

"Ai wasa ne."

"Na ga alama. Miƙo min gishiri."

A watan Janairu Tamsin ta roƙi kwamitin kulob aron zaure na kwana biyu, Litinin da Talata, da ba a wasa. Labarin sabon fim ɗin shi ne wata ta kawo sabuwar budurwa kulob, sai ta tarar duk macen da ke zaure tsohuwar budurwar ɗayar ce, har mai zuba giya. Kwamiti ya yarda, don Merv na son a ga sabon kafet.

Glenys na da makulli, ita ke ba furannin baranda ruwa. Ranar Litinin ta gama ban ruwa ta shigo ta zauna a teburinta, a tsakiyar wayoyi da fitilu. Keeley, doguwa mai askakken kai da zane-zane a hannu, ta durƙuso kusa da ita.

"Goggo Glenys, ko za ki ɗan koma can ɓangaren? Kina cikin hoto."

"Ni ba goggonki ba ce. Kuma tun ba a haife ki ba nake cikin wannan hoton."

Tamsin ta yi wa Keeley alama da ido a ƙyale ta. Haka aka ɗauki fim ɗin, 'yan wasa biyu na zuba soyayya a gaba, Glenys na baya da hannu a harɗe tana hararar su. Da rana ta yi ta tafi gida, ba ta dawo ba sai Laraba.

Abin da ba ta gani ba shi ne abin da aka yi bayan tafiyarta. Masu fim suna da ƙa'ida: ba a barin sunan mutum na gaske ya fito a kyamara ba da izininsa ba. In kwalba ce a juya ta, in allo ne a rufe. Da aka matsa kyamara, gefen hagu na allon gwanaye ya shigo hoto. Keeley ta hau kujera ta bi sunayen da baƙin salatif mai ƙarfi, daga 1988 zuwa 1998, ta liƙa sunayen ƙarya a kai. Salatif ya kwana a jikin allon, ya wuni a ƙarƙashin zafin fitilu, a tsakiyar zafin Janairu. Da yammacin Talata, suna sauri kada jirgin ƙasa ya wuce su, ta kama bakinsa ta fizge.

Ranar Laraba Merv ya tare Glenys a ƙofa.

"Glen, zo mu sha shayi tukuna."

A shekara ashirin Merv bai taɓa yi wa kowa tayin shayi ba. Ta ture shi ta wuce.

Layi goma sha ɗaya, gefen hagu babu komai sai inuwar haruffa a jikin katako. Gefen dama na nan yana ƙyalli. Sau huɗu allon ya ce G. Roach ta ci wasan mutum biyu ita kaɗai.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta buɗe jaka ta ciro waya, ta kira Tamsin.

"Akwai jirgin safe gobe. Ki hau shi. Ki zo da mai askakken kan nan."

Washegari sun riga ta isa kulob, kuma a nan suka ƙara wa kansu laifi. Tamsin ta tsaya a hanya ta sayi biro mai ruwan zinare. Da Glenys ta shigo, ta tarar da ita a kan kujera ta riga ta zana harafin farko na sunan Noelene, yana ɗiga.

"Sauko."

"Goggo, bari in..."

"Na ce ki sauko. Me kike yi, katin taya murna?"

Tamsin ta sauko. Keeley ta matso, idonta ja.

"Ni na yi. Ban sani ba wallahi, na zaci fenti ne."

"Kin zaci. Kin tambayi wani?"

"Muna sauri ne."

"Na sani. Kullum kuna sauri. Minti shida."

Tamsin ta ce za su gyara, ta ce sun yi magana a jirgi sun sami abin da ya fi allo. Za su sa rubutu a ƙarshen fim ɗin: sadaukarwa ga Noelene Tarrant, masoyiyar Glenys Roach, shekara talatin da uku. Dubban mutane za su gani.

"Goggo, ai don ku muke yin wannan aikin. Don kada a sake ce wa wata mai haya."

"Wa ya aike ku?"

"Haba, Goggo."

"Na ce wa ya aike ku? Matar nan shekara ashirin da shida tana kwasar 'ya'yan mutane zuwa makaranta. Da uwa ɗaya ta buɗe baki, da ranar za a karɓe makullin motar. Ita ta zaɓi abin da za a faɗa da abin da ba za a faɗa ba, ba ke ba. Kun rufe sunanta don ba ta ba ku izini ba, ko ba haka kuka ce ba? Yanzu kuma za ku manna shi a gaban dubu, ana dariya. Je ki Mudgee ki karɓo izinin."

Merv, da ke goge kofin da ya riga ya goge, ya shige ciki.

Ranar Juma'a kwamiti ya zauna. Merv ya ce gaskiya allon ya tsufa, akwai masu buga sabo na roba da inji cikin kwana biyu, tsaf. Wani ya ce a sa talabijin kawai sunaye su riƙa wucewa. Iyalan sauran matan da sunayensu suka goge ba su damu ba. Waɗansu sun bar garin, waɗansu ma ba su san da allon ba. Glenys ta bari suka gama.

"Hannu ne ya rubuta shi, Noelene na tsaye tana kallo. Ita ta riƙe wa Vlado mai rubutun allo tsani. A kan katakon nan za a mayar da shi, yadda yake. Wanda ya taɓa allon nan da sukurdireba, sai dai ya fara da ni."

"Vlado ya haura tamanin, Glen. Ko cokali ba ya iya riƙewa."

"Wannan matsalar masu salatif ce."

Da ba don takarda ɗaya ba, watakila da roba ta ci. Amma da aka haɗa fim ɗin, sai ya zamana fuskar Glenys ce abin dariyar da ya fi komai. Duk lokacin da 'yar wasa ta ce "ban taɓa jin haka ba", sai a hango tsohuwa a baya tana harara. Ba a iya cire ta, tana cikin kusan kowane hoto. Wani taron nuna gajerun finafinai a Sydney ya karɓi fim ɗin, karo na farko da aka karɓi aikinsu a babban zaure, amma da sharaɗi: duk fuskar da ta fito sai an kawo takardar amincewarta da sa hannu, kafin ƙarfe biyar na Juma'ar mako uku masu zuwa.

Tamsin ta kawo takardar gidan goggonta. Glenys ta sa tabarau, ta karanta har ƙananan rubutun ƙasa, ta ninke ta huɗu ta sa ƙarƙashin gwangwanin sukari.

"Wato in ban sa hannu ba, babu fim."

"Goggo, shekara huɗu muna neman wannan damar."

"To. Ranar da na ga sunan a allo, ki zo da biro. Ba mai ruwan zinare ba."

Mahaifin Tamsin ya kira ya ce ta ji tausayin yarinya. Ta ce masa shi ne ya fara cewa "mai haya" a 1986, ta kashe waya.

Glenys ta kai Tamsin da Keeley wurin Vlado. Yana zaune a rumfar bayan gidansa cikin tsofaffin gwangwanaye. Shekara shida rabonsa da buroshi. Ya ɗaga hannayensa ya nuna musu yadda suke rawa. Sannan ya ce kowace ta miƙe hannu da kofin ruwa cike, ta tsaya. Na Tamsin ya fara zuba kafin minti ɗaya. Na Keeley ko motsi bai yi ba, don ta saba tsayuwa da kyamara a kafaɗa.

"Wannan," in ji Vlado.

"Ita ce fa ta fizge shi," in ji Glenys.

"To ita ta san inda yake. Kina son suna ko kina son faɗa?"

"Duka biyu."

Aka sauke allon aka kwantar da shi a kan teburin biliyad. Aikin ba fenti ba ne. Sai an zana harafi da wani danƙo mai ruwa, da siririn buroshi, a bi inuwar tsohon harafin. Sai a jira. In an yi gaggawa zinaren ya nutse ya dushe, in an makara ya ƙi kamawa. Vlado kan taɓa da bayan yatsa, ya saurara, in ya ji ya ɗan yi ƙara ya ce yanzu. Zinaren kuwa ganye ne da ya fi fatar albasa sirantaka, numfashi ma yana tashinsa. Sai an goga faffaɗan buroshi a kumatu, a ɗauko ganyen da shi, a kwantar, a bi da auduga a hankali.

Kwana uku Keeley na koyo a kan guntun katako. Vlado na zaune yana zaginta da yarensu, in ya gaji ya koma Turanci. Glenys na teburinta da fulas ɗin shayi da kofi ɗaya tak. A rana ta huɗu Keeley ta ce ta shirya, ta kai buroshi kan 1989.

"Ba nan ba," in ji Glenys. "Akwai layi bakwai na waɗansu. Ki gama koyo a kan matattun mutane tukuna."

"Ai wasunsu na da rai," in ji Vlado.

"Su zo su yi magana."

Tamsin ce ke yanka auduga, tana rufe tagogi saboda iska, tana sayo kifi da dankali da rana. Sau biyu ta gwada jan goggonta da hira. Ta farko ta tambaye ta yadda suka haɗu da Noelene.

"Don ki sa a fim?"

"Don in sani."

"Shekara nawa kina zuwa gidanmu kina cin abincinta? Ba ki tambaye ta ba tana da rai."

Ta biyu ba ta kai ga buɗe baki ba, Glenys ta ce mata inuwarta na tare haske.

Layi bakwai suka cinye kwana takwas, don sau biyu Glenys ta sa aka kankare aka sake. A ranar Laraba ta makon ƙarshe aka fara na Noelene. Ko Merv ya daina shigowa zauren. Keeley kan riƙe numfashi tun daga saman harafi har ƙasansa. Da ta gama na 1991 ta fita baranda ta zauna tsakanin furanni, ta sa kai a gwiwa. Glenys ta leƙo ta taga.

"Kada ki taka min tukunya."

Ƙarfe uku da kwata na ranar Juma'a aka share zinaren ƙarshe. Merv da wani ƙanen Glenys suka ɗaga allon suka mayar a ƙusoshinsa. 'Yan ƙuri'ar nama sun fara taruwa, kowa ya yi kamar ba ya kallo. Glenys ta sa tabarau, ta sa aka kawo mata kujera, ta hau da kanta, ta ture hannun da Tamsin ta miƙo. Ta bi layukan da ido ɗaya bayan ɗaya, yadda take bin noti. Ta daɗe a kan 1992.

"Harafin ƙarshe ya karkace."

Keeley ta matso ta duba. Gaskiya ne, ya ɗan jingina dama, kaɗan ƙwarai. Ta dubi agogo. Ta ce in an kankare yanzu danƙon ba zai kama ba sai dare, amma za ta yi.

"Ki kankare me?"

"Sunan. In sake."

Glenys ta sauko daga kujera a hankali.

"Sau ɗaya kika cire shi. Ya isa."

Ta buɗe jaka ta ciro takardar, da ɗigon sukari a jikinta. Ta shimfiɗa ta a teburinta, ta karɓi biron Merv, ta sa hannu. Tamsin ta ɗauki hoton takardar da waya ta aika, sannan ta juyo za ta rungume goggonta.

"A'a. Na ce zan sa hannu, na sa. Ban ce komai ya wuce ba."

"Ko tikiti in aiko miki? Layin gaba."

"Na saba da na huɗu. Ku je, jirgi zai wuce ku."

An nuna fim ɗin a Sydney a watan Maris, babu sadaukarwa a ƙarshensa. Waɗanda suka je sun ce duk fitowar Glenys sai zaure ya kece da dariya, har wasu suna tambayar ina aka samo wannan 'yar wasa. Ita ba ta kalla ba, kuma ta hana a ba ta labari. Kirsimetin bana ta zaunar da Tamsin a ƙarshen tebur kusa da ƙofar kicin. Keeley kuwa har yau ba ta kiran sunanta, "mai salatif" take ce mata, ko da yake ita kaɗai ta yarda ta hau tsani ta share ƙurar allon.

Ranar Juma'a tana nan a teburinta. In baƙo ya tsaya yana yaba allon, sai ta nuna masa da gindin kofi.

"Duba na 1992. Ƙarshensa a karkace yake."

Wata rana wani sabon ɗan kwamiti ya ce ai ya san mai gyarawa a Bathurst. Glenys ta ajiye kofin, ta tambaye shi sunansa, ta ce ya maimaita. Bai sake tayar da maganar ba.